Mafakar Giwaye: Ina Take Kwana Idan Baƙi Sun Watse?

Ɗan kasuwar da ya gama saro kaya a Bangkok, ya rage masa kwana biyu kafin jirginsa ya tashi, idan ya tambayi mai otal abin da ake zuwa kallo a ƙasar Tailan, da wuya a lissafa masa abu uku ba a sa giwa ba. Nan take za a miƙo masa takardun talla masu sheƙi. Shekaru goma sha biyar da suka wuce, hoton da ke jikin irin takardun nan na Turawa ne zaune a kujera bisa gadon bayan giwa, suna ɗaga hannu. Yau salon ya sauya. Za ka ga 'yan mata tsaye cikin kogi da bokitai suna watsa wa giwa ruwa, a sama kuma an rubuta da manyan baƙaƙe cewa nan mafaka ce, ba a hawa, ba a ɗaurewa, ba a duka. A arewacin ƙasar, kewayen birnin Chiang Mai, wuraren da ke kiran kansu da wannan suna sun yi yawan da karanta allo kaɗai ba zai raba maka na gaske da na bogi ba.

Dalili kuwa, babu dokar da ta fayyace abin da ya cancanci a kira mafakar giwaye a Tailan. Mai fili da giwa biyu da gwangwanin fenti zai iya rubuta sunan a ƙofarsa gobe da safe. Nauyin tantancewa ya dawo kan mai sayen tikiti ke nan, kuma ma'aunin da zai fi yi masa amfani guda ɗaya ne: gwargwadon abin da aka ƙyale baƙo ya yi da giwa, gwargwadon wuyar da giwar ta sha kafin ya iso.

Yadda ma'aikaciyar daji ta koma 'yar kallo

Tsakanin mutanen Tailan da giwa akwai tsohuwar alaƙa. Sarakunansu sun ci yaƙi a kanta, farar giwa ce a jikin tutar ƙasar har zuwa 1917, kuma duk ranar 13 ga Maris ana bikin ranar giwa ta ƙasa. An ƙiyasta cewa a farkon ƙarni na 20 giwayen da ke hannun mutane sun kai kimanin 100,000, suna dakon kaya, suna jan gumagumai a dazuzzukan da mota ba ta shiga. Dokar dabbobin sufuri ta 1939 ta jera giwar gida sahu ɗaya da doki da jaki da sa da ɓauna. Dukiya ce, ana saye, ana sayarwa, ana gado.

A watan Nuwamban 1988 ambaliya da zaftarewar ƙasa suka hallaka ɗaruruwan mutane a kudancin ƙasar, aka ɗora laifin a kan sare dazuzzuka. Da shigowar 1989 gwamnati ta haramta sarar katako. Dare ɗaya dubban giwaye da masu su suka rasa sana'a. Ita kuwa giwa ba ruwan cikinta da doka. Babba tana cin ciyawa da ganye kilo 150 zuwa 200 a yini, tana shan ruwa sama da lita 100, kuma takan kai shekara 60 ko 70 a duniya. Wasu masu giwaye suka ci gaba da sarar katako a ɓoye. Wasu suka shiga titunan Bangkok suna bara da su, suna sayar wa masu wucewa ƙullin rake su miƙa wa dabbar. Mafi yawa suka nufi inda kuɗi ke shigowa, wato wajen masu yawon buɗe ido. Daga nan aka samu giwa mai ɗaukar baƙi, da mai buga ƙwallo, da mai zane da buroshi.

A yau giwayen da ke hannun mutane a Tailan sun kusa 4,000, kusan daidai da yawan waɗanda suka rage a daji. Ƙungiyar World Animal Protection ta fitar da rahoto a 2020 bayan ta duba giwaye 3,837 a wuraren baƙi 357 na ƙasashen Asiya, 2,798 daga cikinsu a Tailan. Ta ce kashi 63 cikin ɗari suna cikin mummunan hali, kashi 7 kacal ne ke wuraren da kulawarsu ta kai yadda ake so.

Ruwa ba ya tsami banza

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san masu wasa da kura. Ranar kasuwa a yi da'ira, ga kura da takunkumi da sarƙa a wuya, ana kiɗa, yara na ihu, wani ma a ɗora shi a bayanta. Da wuya cikin 'yan kallo a samu mai tambayar abin da aka yi wa kurar kafin ta kwantar da kai haka. Lamarin giwa ma haka yake, sai dai ita ta fi kura ƙarfi nesa ba kusa ba. Giwar da ake kira ta gida ba irin saniya ko tunkiya ba ce da aka shafe dubban shekaru ana zaɓen irinta har ta saba da ɗan Adam tun daga ciki. Jininta da halinta na giwar daji ne, don haka kowace ɗaya sai an hore ta daga tushe.

Tsohuwar hanyar horon, wadda ake kira fajan, ta fara ne da raba ɗan giwa da uwarsa yana ɗan shekaru kaɗan. A daji yakan yi shekaru yana shan nono, mace kuma ba ta barin garken uwarta har mutuwa. Sai a sa shi a wani matsattsen keji na gumagumai, a ɗaure ƙafafunsa, a hana shi barci da isasshen abinci, a yi ta sara masa ƙugiyar ƙarfe a ka da bayan kunne har ya daina turjiya. A 2020 an fitar da bidiyon da aka ɗauka a asirce na yadda aka hori 'ya'yan giwa takwas a Tailan, abin ba kyan gani. Masu sansanonin giwaye da dama na cewa wannan salo ya ja baya, yanzu waɗanda aka haifa a gida da lallashi da lada ake koya musu. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, don ba kowane mai horo ne azzalumi ba. Sai dai dabba mai nauyin tan 3 da za ta tsaya cik baƙi arba'in su shafa ta a yini ɗaya, tilas akwai abin da take tsoro, kuma tilas abin yana kusa. A wasu wuraren da suka rubuta cewa ba sa amfani da ƙugiya, an sha ganin ƙusa a dunƙule cikin tafin hannun mai kula da giwar.

Kasuwar ta kuma taɓa na daji. Ƙungiyar TRAFFIC mai bin diddigin fataucin namun daji ta ruwaito a 2014 cewa tsakanin 2011 da 2013 an kama giwayen daji kimanin 80 ba bisa doka ba don sayar wa masu harkar baƙi a Tailan, akasarinsu daga Myanmar. Abin da ya sauƙaƙa wannan shi ne a lokacin doka ba ta tilasta yi wa giwa rajista sai ta shekara takwas, sai a shigo da ɗan daji a ce wance ce ta haife shi. Daga 2016 hukuma ta fara ɗaukar bayanan ƙwayoyin halittar giwayen gida don toshe wannan kafa.

An sayar da kare an sayi biri

Hawan giwa ne ya fara shan suka. Ƙashin bayanta na da tsinaye masu kallon sama, ba a halicce shi don ɗaukar kujerar ƙarfe da mutane ba. Wata tsohuwar giwa mai suna Pai Lin, wadda gidauniyar Wildlife Friends ta Tailan ta ceto, ta shafe shekara 25 tana wannan aiki, kuma hotonta ya nuna gadon bayanta ya lotsa ciki maimakon ya yi tudu. Kamfanin shirya balaguro na Intrepid ya daina sayar da hawan giwa a 2014. A watan Afrilun 2016 wata giwa mai suna Sambo ta yanke jiki ta faɗi ta mutu cikin tsananin zafi bayan ta yi jigilar baƙi a Angkor na ƙasar Kambodiya, a shekarar ne kuma shafin balaguro na TripAdvisor ya sanar da daina sayar da irin waɗannan tikiti. Zuwa 2020 an bar hawan giwa a Angkor gaba ɗaya.

Masu sansanoni suka ga inda iska ta kaɗa. Aka sauke kujeru, aka sayo bokitai da buroshi, aka sake allo. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Giwa ba ta buƙatar mai yi mata wanka. Idan aka ƙyale ta, ita ke zaɓar lokacin shiga ruwa, ta nutse, ta yi birgima, ta fito ta yaɓa wa jikinta taɓo ta watsa ƙura, don taɓon nan shi ne garkuwarta daga rana da cizon ƙwari. Wadda ake kai wa kogi sau uku ko huɗu a yini saboda motocin baƙi na zuwa rukuni-rukuni, ana wanke mata garkuwar ne, kuma dole ta tsaya inda aka ce, ta kwanta lokacin da aka ce, alhali mutane ashirin na ihu a kunnenta. Horon da wannan ke buƙata bai gaza na hawa ba.

Ga haɗari kuma. A watan Janairun 2025 wata ɗaliba 'yar ƙasar Sifen mai shekara 22 ta rasa ranta a tsibirin Koh Yao Yai lokacin da take yi wa giwa wanka. Tarin tibi ma na iya ratsawa tsakanin mutum da giwa, ta kowane ɓangare.

Matar da ake kira Lek

Sangduen Chailert, wadda aka fi sani da Lek, wato ƙarama da harshen Tailan, 'yar ƙabilar Khamu ce daga wani ƙauyen tsaunukan arewa. Tun cikin shekarun 1990 ta fara karɓar giwayen da aiki ya nakasa. A 2003 ta samu fili a kwarin Mae Taeng, kimanin kilomita 60 daga Chiang Mai, inda Elephant Nature Park take a yau da giwaye sama da 100. Cikinsu akwai makafi, da masu karyayyen ƙugu, da waɗanda suka taka nakiya a kan iyakar Myanmar. Mujallar Time ta sa ta cikin jaruman Asiya a 2005.

Masu wurin na ba da labarin wata giwa mai suna Jokia. Tana jan katako da tsohon ciki, ta haihu a kan gangare tana tsakiyar aiki, ɗan ya mutu. Da ta ƙi komawa aiki sai aka harbe ta da danƙo a ido, daga baya aka tsone ɗayan. Da aka kawo ta wajen Lek a 1999, wata tsohuwar giwa mai suna Mae Perm ta matso ta shafa ta da hanci, daga nan ta zama 'yar jagorarta. Idan Jokia ta yi ƙara, Mae Perm ta baro abin da take ci ta zo. Haka suka zauna kusan shekara 17 har Mae Perm ta mutu a 2016. Giwar da ke ɗaure a turke ita kaɗai ba ta da damar zaɓar ƙawa, kuma irin wannan zumunci shi ne abin kallon da ya fi kowane wasa da aka koya wa dabba.

Ita kanta Lek da farko tana barin baƙi su yi wa giwayenta wanka. A 2018 ta dakatar da shi, ta mayar da ƙarfi ga kallo daga gefe.

Masu ja da wannan magana

Akwai masu cewa tunda abin haka yake, gara kowa ya ƙaurace wa wuraren giwaye baki ɗaya. Shekarar 2020 ta gwada wannan shawara. Da annobar korona ta rufe iyakoki, sansanoni suka kulle, kuɗin ciyawa ya yanke, makiyaya suka kora giwayensu a ƙasa, wasu tafiyar sama da kilomita 100, zuwa ƙauyukan ƙabilar Karen a kan tsaunuka inda ake fatan samun abin ci. Sakin su daji ma ba abu ne mai sauƙi ba. Dajin ya ragu, na cikinsa suna ta rikici da manoma, kuma makauniyar giwa mai shekara 60 ba za ta rayu a can ba. Dubban giwayen nan suna nan da ransu, wasunsu za su ƙara shekara 50, kuma kuɗin baƙi ne ke ciyar da mafi yawansu. Tambayar da ta rage ita ce aljihun wa kuɗin zai shiga.

Likitocin dabbobi na Jami'ar Chiang Mai sun kawo wata hujjar da ba ta yi wa 'yan rajin kare dabbobi daɗi ba. Sun gano cewa ƙiba ta yi yawa a tsakanin giwayen sansanoni, musamman inda baƙi ke ta ɗura musu ayaba da rake alhali ba sa tafiya, kuma waɗanda ke motsa jiki sosai sun fi ƙoshin lafiya ta wannan fuska. Sauke kujera kaɗai bai isa ba ke nan. Giwar da ba a hawa amma tana tsaye kan siminti yini guda tana jiran ayaba, ƙafafunta ne za su fara lalacewa.

Ambaliyar Oktoban 2024 ta sake tayar da wata muhawara. Ruwa ya mamaye Elephant Nature Park, giwaye biyu suka mutu. Masu giwaye na gargajiya suka ce da dabbobin sun saba da sarƙa da bin umarni, da kwashe su ya fi sauƙi. Magoya bayan Lek suka ce an tsirar da sama da 100 cikin ruwan da ya fi ƙarfin kowa. Kowane ɓangare na da abin riƙewa. Toron giwa kuwa yana da lokacin da yake hargitsewa, kamar yadda amale ke yi a lokacin barbara, ruwa na tsiyaya daga gefen kansa, ba ya ganin kowa da gashi. A wannan hali ko dai shinge mai ƙarfi, wanda ke cin kuɗi, ko doguwar sarƙa. Wurin da ya ce maka bai taɓa taƙaita giwa ba, ka tambaye shi ina torayensa.

Sai makiyayin giwa, wanda ake kira mahut, mutumin da ba ya fitowa a hoton talla. Da yawansu 'yan Karen ne ko baƙin haure daga Myanmar, albashi kaɗan, aiki dare da rana, kuma su ne suka fi mutuwa idan giwa ta fusata. Wurin da ya raba su da ƙugiya amma ya bar baƙi na cuɗanya da giwa, ran makiyayi ya sa a caca. Wurin da ke tausayin giwa yana zaluntar mai kiwonta, tausayinsa ragagge ne.

Ko ceton ma yana da nasa tarko. Giwa na iya kai dala 50,000 a kasuwa. Idan mafaka ta sayi tsohuwa da tsada, mai ita na iya ɗaukar kuɗin ya sayo ƙarama. Shi ya sa wasu mafaku ke hayar giwa tare da makiyayinta, su biya shi wata-wata ya bar ta ta huta. Shi ya sa kuma Global Federation of Animal Sanctuaries, ƙungiyar da ke tantance mafakun dabbobi a duniya, ta sa rashin kiwo don haihuwa cikin sharuɗɗanta. Wurin da kullum ke da sabon jariri na ɗaukar hoto, yana ƙara yawan giwayen da za su buƙaci mafaka ne nan gaba.

Yadda ake yi a nahiyarmu

A Kenya salon ya bambanta, don can marayu ake reno a mayar da su daji. Daphne Sheldrick ta kafa gidauniyar Sheldrick a 1977, ita ce kuma ta gano haɗin madara da man kwakwa da jaririn giwa ke iya sha ya rayu. A gidan renonsu na Nairobi masu kula na kwana ɗaki ɗaya da marayun, ana ba su madara duk bayan awa uku. Baƙi kuwa awa ɗaya tak suke da ita a yini, daga ƙarfe 11 zuwa 12, suna tsaye bayan igiya. Idan marayun sun tasa sai a kai su gandun dajin Tsavo, su saba da garken daji a hankali. A arewacin ƙasar, mafakar Reteti da aka buɗe a 2016 mallakin al'ummar Samburu ce. Da korona ta sa madarar gwangwani ta yi wuya, sai suka gwada nonon akuya, ya karɓi marayun, matan Samburu suka samu kasuwar nononsu.

Mu ma muna da namu ma'aunin a gida. Giwayen Yankari a jihar Bauchi, waɗanda aka ƙiyasta tsakanin 100 da 150, ba na kowa ba ne. Mutum na iya kwana biyu yana zagaye gefen kogin Gaji da rani bai ga komai ba sai kashi da karyayyun rassa, wani kuma ya ci karo da garke a fitarsa ta farko. Babu mai tunanin ya sauka daga mota ya shafa su. Wanda ya taɓa ganin su a can ya riga ya san yadda giwa take idan ba a karya ta ba, kuma da wannan zai auna duk wadda aka nuna masa a Asiya.

Abin da ido zai duba

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Tun kafin ka biya, duba hotunan da baƙin da suka riga ka suka sa a intanet, don sun fi na talla faɗin gaskiya. Idan mutane ne rungume da hancin giwa, ko zaune a wuyanta, ko cikin ruwa tare da ita, ka samu amsa. Idan ka isa, dubi goshinta da bayan kunnuwanta ko akwai sabon rauni. Tsohon tabo na iya zama na inda aka ceto ta, amma jini ɗanye na jiya ne. Dubi idon sawunta ko akwai shatin sarƙa. Giwar da ke tsaye wuri ɗaya tana rangaji, tana kaɗa kai hagu da dama ba fasawa, jagora na iya ce maka rawa take yi. Alamar ƙunci ce da doguwar ɗaurewa ke haifarwa. Dubi ko suna yawo rukuni-rukuni, ko akwai inuwa da taɓo da ciyawar da suke fizga da kansu. Tambayi inda kowace ta fito, da ko akwai likita, da yadda ake biyan makiyaya. Wurin kirki ba ya jin haushin tambaya, yakan kuma fi tsada, don baƙi kaɗan yake karɓa.

Addini bai bar mu a duhu ba kan wannan. Yaran makarantar allo ma sun san labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Wanda ya biya kuɗin kallo yana da kaso a abin da kuɗinsa ya raya.

Baƙo raɓa ne. Ziyarar rabin yini ba ta wuce awa huɗu, kuma awannin nan su ne aka shirya domin idonka. Sauran ashirin giwar ke rayuwa a cikinsu, bayan mota ta juya da kai otal. A wasu wuraren tana kwana a fili mai faɗi da yashi mai laushi, kusa da ƙawarta. A wasu kuwa, a bayan rumfar da ba a kai baƙi, tana tsaye kan siminti da sarƙar da ba ta kai taku uku ba har gari ya waye. Kafin ka ciro kuɗi, ka ce wa jagoran ya nuna maka inda take kwana, ka ga ko zai yi gaba ka bi shi, ko zai fara duban agogo.